Awon Nisa Tsakanin Kano da Jidda: Daga Zango zuwa Awa

Bahaushen da ba ya auna nisan gari da tsawon ƙasa. Da lokaci yake aunawa, shi ya sa ake cewa tafiyar yini, ko tafiyar kwana uku, ko zango kaza. Zango shi ne inda ayari ke sauke kaya ya kwana, saboda haka faɗin yawan zanguna faɗin wahalar hanya ne da yawan guzurin da za a tanada.

Babu inda wannan awo ya fi fitowa fili kamar hanyar aikin hajji. A da, maniyyaci kan tashi daga Kano ya bi ta Borno da Wadai da Darfur da Kurdufan, ya ƙetare Kogin Nilu, sannan ya shiga jirgin ruwa a Sawakin ya haye Bahar Maliya zuwa Jidda. Mutane da yawa sukan shekara da shekaru a hanya, suna tsayawa noma ko ƙwadago don neman guzuri. Wasu ma can suka zaune, kuma zuriyarsu tana Sudan har yau.

Shi kuwa jirgin sama, wanda ya fara sauka Kano a 1925, da nasa awon ya zo. Tun da yake duniya a dunƙule take, masana sukan auna nisa ne kamar wanda ya miƙe zare a bayan ƙwarya daga wani ɗigo zuwa wani, watau hanya mafi gajarta a bisa doron abu mai zagaye. Da wannan lissafi, tsakanin Kano da Jidda kimanin kilomita 3,400 ne, ko mil 2,100. Matuƙa jirgi kuma da mil na teku suke aiki, wanda tsawonsa mita 1,852 ne, don haka a wurinsu nisan kimanin mil 1,850 ne.

Sai dai ba kullum jirgi ke bin wannan zare ba. Iska da umarnin masu kula da zirga-zirgar sama da halin da ƙasashe ke ciki sukan karkatar da shi. Alal misali, da yaƙi ya ɓarke a Sudan a 2023 aka rufe sararin samaniyarta, sai da jiragen alhazan Nijeriya suka yi kewaye, tafiya ta ƙara tsawo, kuɗin kujera ya ƙaru.

Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne, duk da waɗannan alƙaluma, in an tambayi alhaji nisan Jidda ba zai ambaci kilomita ba. Cewa zai yi tafiyar wajen awa biyar ce. Ke nan awa ce ta maye gurbin zango, amma tsohon ma'aunin, watau lokaci, yana nan daram. Da Hausawa suka ce nesa ta zo kusa, ba ƙasa ce ta taƙure ba, kwanakin tafiya ne suka ragu.