Matan da suka yi yaƙin sama daga ɗakin sadarwa

Duk wanda ya taso a Dukawuya ko wata unguwa cikin ganuwar Kano ya saba da ƙarar jiragen da ke tashi daga filin jirgin sama na Malam Aminu Kano. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne rawar da filin ya taka a Yaƙin Duniya na Biyu.

Daga watan Satumban 1940, Birtaniya ta riƙa kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a ƙasar da ake kira Ghana yanzu. A can ake harhaɗa su, su tashi su bi ta Legas, Kano, Maiduguri da Khartoum har Alƙahira. Dubban jirage ne suka bi wannan hanya, kuma tafiyarsu ta dogara ne ga saƙon rediyo da rahoton yanayi daga ƙasa.

A Ingila, mata ne suka ɗauki kaso mai yawa na irin wannan aiki.

Rundunar WAAF

An kafa rundunar mata masu tallafa wa sojin saman Birtaniya, wato WAAF, a watan Yunin 1939, kuma zuwa 1943 yawansu ya kai kusan 180,000. Ba a ba su damar tuƙa jiragen yaƙi ba, amma su ne ke zaune a gaban na'urorin rada da layukan tarho.

A ɗakunan tsara yaƙi irin na Uxbridge, akwai wani makeken tebur mai taswira. Matan kan tsaya kewaye da shi, kowacce da abin sauraro a kunne da doguwar sanda a hannu. Da zarar an hango jiragen Jamus, sai a sanar da su yawansu da tsayin da suke da inda suka dosa, su kuma su tura ƙananan alamomi a kan taswirar. Da wannan ne kwamandoji ke yanke shawarar jiragen da za su tashi. Idan aka yi jinkirin 'yan mintuna, abokan gaba sun iso ke nan.

Aikin ba ya rasa haɗari. A 1940, lokacin da Jamus ke ruwan bama-bamai a sansanin Biggin Hill, Elspeth Henderson da Helen Turner sun ci gaba da riƙe layukan tarho duk da bam ya faɗa ginin da suke ciki. Su biyun da Joan Mortimer sun samu lambar yabo ta jarumta.

Musulmar da ta ƙi tona asiri

Noor Inayat Khan, wadda mahaifinta malamin Sufaye ne ɗan Indiya, ta shiga WAAF a Nuwamban 1940 ta koyi aika saƙon rediyo. A Yunin 1943 aka kai ta Faransa a asirce, ta riƙa aika saƙonni zuwa Landan daga Paris har aka kama ta a Oktoba. Ba ta fallasa abokan aikinta ba. An kashe ta a sansanin Dachau a Satumban 1944, kuma a 1949 aka karrama ta da lambar George Cross.

Ina aka kwana a Najeriya?

An kafa Rundunar Sojin Saman Najeriya a 1964, amma sai a 2011 ta samu matuƙiya mace ta farko, Blessing Liman. A Oktoban 2019 aka liƙa wa Kafayat Sanni da marigayiya Tolulope Arotile fukafukai, ɗaya ta jirgin yaƙi, ɗaya ta helikwaftan yaƙi.

Sunayen matuƙa ake ji, alhali rayukan fararen hula sun rataya ne a kan ingancin bayanan da ke fitowa daga ƙasa. A ranar 17 ga Janairun 2017, jirgin sojin sama ya jefa bam bisa kuskure a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a Jihar Borno, kuma daga baya hukumomin tsaro suka danganta lamarin da rashin sanya wa wurin alama a taswirar aiki.

Wannan fanni na buƙatar lissafi, nutsuwa da jin harshen mutanen yankin da ake fafatawa. 'Yan matan Kano da ke karatun kimiyya a sakandare suna da abin da za su bayar, idan iyaye da malamai suka sanar da su cewa akwai wannan aiki.