Wasan Ces: Rinjaye nawa ake buƙata kafin a kashe sarki?

A shekarar 2013, a birnin Janeba na ƙasar Suwis, zakarar duniya ta mata a wasan dara na ces, Anna Ushenina ƴar Yukren, ta kai ƙarshen wasa tana riƙe da sarki da doki da giwa. Abokiyar karawarta, Olga Girya ƴar Rasha, ba ta da kowa sai sarki tilo. Duk da haka an tashi canjaras.

Matasan da ke buga ces a waya, wanda masu jin Faransanci ke kira échecs, sun san lissafin da ake koya wa sabon shiga: soja maki 1, doki 3, giwa mai tafiya a karkace 3, hasumiya 5, sarauniya 9. Sai dai idan allo ya kusa zama fayau, wannan lissafi yakan yaudari mai shi.

Idan sarki ya rage shi kaɗai, sarauniya na gamawa da shi cikin taku 10 ko ƙasa da haka, hasumiya cikin 16, giwaye biyu cikin 19. Doki da giwa kuwa suna iya buƙatar taku 33, kuma dole a kora sarkin zuwa kusurwa mai launin gidajen giwar. A nan Ushenina ta maƙale. Dokar wasan ta ce idan kowane ɓangare ya yi taku 50 ba a ci ɗa ba, ba a kuma motsa soja ba, ana iya neman canjaras. Kuskure biyu ko uku sun isa su cinye ragowar takun.

Dawakai biyu, masu maki 6, ba sa iya tilasta kisa idan mai sarki tilo bai yi kuskure ba. Amma soja guda, mai maki 1 kacal, yana iya kawo nasara, domin idan ya isa layin ƙarshe yana rikiɗewa sarauniya. Sharaɗin shi ne sarkinsa ya shige masa gaba ya share hanya. Shi ya sa masana ke ba wanda ke kan gaba shawarar ya yi musayar manyan ƴaƴa, ya adana sojojinsa. Wanda ke baya kuma sojoji zai yi ta musaya.

Sojan ma ba kullum yake wadatarwa ba. Na bakin allo yakan ƙare a canjaras idan sarkin hamayya ya riga shi shiga kusurwa. Haka kuma idan giwar wannan tana bin fararen gidaje, ta wancan tana bin baƙaƙe, rinjayen sojoji biyu ma sau da yawa ba ya kai ga nasara.

A 2012, kwamfutocin Jami'ar Mosko sun warware kusan duk wani yanayi da ƴaƴa 7 ko ƙasa da haka suka rage a allo. Cikinsu akwai wanda nasararsa ke buƙatar taku sama da 500.

Sauran aikin kuwa na juriya ne. A Dubai a 2021, Magnus Carlsen na Norwe yana da hasumiya da doki da sojoji biyu, Ian Nepomniachtchi na Rasha yana da sarauniya. Rinjayen maki 1 ne a takarda. Carlsen ya yi nasara a taku na 136, bayan kusan awa 8, kuma ba a taɓa buga wasa mai wannan tsawo ba a tarihin gasar zakaran duniya.