Daga Ina Nauyin Damin Hatsi Yake Fitowa?

In muka tambayi mutane daga ina hatsi yake samun jikinsa, da yawa za su ce daga ƙasa. To, mu ƙona busasshen kara mu gani. Abin da zai rage ƴar toka ce da ba ta cika tafin hannu ba, kuma ita ke nan rabon da ƙasa ta bayar. Sauran, wanda ya tashi ya bi iska, daga iska da ruwa aka gina shi tun farko, da ƙarfin hasken rana. Wannan aiki shi ne ake kira attamsilul dau'i a littattafanmu na Larabci, a na Faransanci kuma fotosantez.

Wani likita a ƙasar da ake kira Beljik a yau, Van Helmont, ya taɓa auna maganar da sikeli. Ya dasa ƴar bishiya mai nauyin kilo 2 da ɗan wani abu a cikin tukunya mai busasshiyar ƙasa kusan kilo 90, ya riƙa ba ta ruwa kawai har shekara 5. Bishiyar ta kai wajen kilo 77, ƙasar kuwa ko giram 60 ba ta rage ba. An buga sakamakon a 1648. Shi dai ya ce ruwa ne ya zama itace, bai kawo iska a lissafinsa ba. Sai a 1779 wani likitan, Ingenhousz, ya nuna cewa ganye ba ya fitar da iskar da muke shaƙa sai yana cikin haske.

A cikin ganye akwai ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani, sunansu kloroplast. A nan ne sinadarin klorofil yake, wanda Larabawa suka raɗa wa suna yakhdur, daga kalmar kore. Yana tsotse jan haske da shuɗi, ya bar koren ya dawo idonmu, shi ya sa muke ganin gona koriya shar da damina. Wato launin da muke yabo shi ne wanda ganye bai cika amfani da shi ba.

Aikin hawa biyu ne. A hawa na farko haske yana bugun klorofil, ƙarfinsa ya fasa ruwan da saiwa ta jawo. Oksijan ɗin da ke cikin ruwan ya fice ta ƙofofin ganye, ragowar kuma da ƙarfin hasken a ɗura su cikin wasu sinadarai biyu, ATP da NADPH. Mu ɗauki farantin sola da ke cajin batir a kan rufin shago, kusan haka ne. Sai dai batirin ganye ba ya ajiya mai tsawo, nan take ake kashe shi a hawa na biyu, inda ganye ke kama iskar karbon ya haɗa ta da abin da ya samu daga ruwa, ya ƙera sukari. Melvin Calvin na Amurka ya samu kyautar Nobel a 1961 saboda bin diddigin wannan hawa. A lissafin da muke haddacewa don jarrabawa, ƙwaya 6 na iskar karbon da 6 na ruwa suna ba da ƙwayar sukari 1 da oksijan 6.

Abin mamakin shi ne ƙarancin iskar karbon ɗin. A cikin kashi 10,000 na iskar da ke kewaye da mu, kashi 4 ne kacal nata. Da wannan ɗan tsiririn ake cika rumbu! Sukarin yana bin jijiyoyin kara ya tafi inda ake buƙata: wani ya zama karan kansa, wani ya taru a zangarniya ya zama garin da muke damawa fura. Zafin da itacen girki ke bayarwa ma hasken rana ne da bishiya ta tara shekaru.

Akwai fa wata matsala da ta shafe mu mu mutanen Sahel. Ƙofar da iskar karbon ke shiga ta nan ruwa ke gudu. In rana ta take, ganye sai ya tsuke ƙofofinsa don kada ya bushe, in ya tsuke kuma abinci ya yanke. Hatsi da dawa da masara da rake suna da wata dabara da Hatch da Slack suka bayyana a Ostareliya a 1966, ana ce mata C4. Suna tara iskar karbon a wasu ɗakuna na can ciki, saboda haka ko ƙofa ta ɗan buɗe kaɗan aiki na ci gaba, ruwa bai salwanta sosai ba. Alkama da shinkafa da wake ba su da ita. Ai shi ya sa ake noman alkama da sanyi a gonakin ban ruwa, hatsi kuwa ya tsaya cikin rairayi da zafi ya yi zangarniya.

Kada wani ya ce ke nan taki ba shi da amfani. Klorofil kansa da sinadarin azot ake gina shi, kuma daga ƙasa yake zuwa. Gonar da ta gaji ganyenta ɗorawa yake yi, ganye mai ɗorawa kuwa bai kama haske yadda ya kamata. Haka ciyawa, bayan ruwa da taki har hasken take ƙwacewa in an yi jinkirin noman farko. A ganinmu babbar asara ita ce figar ɗanyen ganye don dabbobi kafin ƙwaya ta nuna, domin ganyen sama su ne suke cika zangarniya a makonnin ƙarshe.

Gawo kuma nasa tsarin daban ne. Da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi sabo. Saboda haka hatsin da ke ƙarƙashinsa yana samun rana lokacin da yake buƙata, ga ganyen da ya zuba da kashin dabbobin da suka sha inuwa da rani sun zama taki. Manoman Maraɗi da Damagaram da suke barin tohon gawo ya girma a tsakiyar gona, in aka tambaye su, za su nuna inda kara ya fi kauri.