Ganuwar Hitila: teku na cinye abin da yaƙi ya bari

Duk wanda ya bi gaɓar tekun Atlantika a ƙasar Faransa zai tarar da waɗansu manyan ɗakuna na siminti da ƙarfe, marasa taga sai ƴar kafa mai duban ruwa. Su ne sauran ganuwar da Jamus ta gina lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

A shekarar 1942 Hitila ya ba da umurni a kange gaɓar teku tun daga Norwe har iyakar Sipaniya, don kada sojojin ƙawance su sauka. Ƙungiyar Todt ce ta riƙe aikin, kuma da yawan leburorin an kawo su ne a kan dole daga ƙasashen da aka mamaye. Da farkon 1944 Marshal Rommel ya ƙara da nakiyoyi da turakun ƙarfe a cikin rairayi.

Duk da haka, ran 6 ga Yuni 1944 sojojin Amurka da Ingila da Kanada suka keta ta a Normandi cikin yini guda. Dalili kuwa, ganuwar ta yi tsawo ainun, kuma Jamusawa sun tara ƙarfinsu wajen Calais, inda suka zaci za a sauka. Ran 15 ga Agusta aka keta irinta a gaɓar Bahar Rum, kudancin Faransa. Cikin rundunar Faransa da ta ƙwato Toulon har da sojojin Afirka ta Yamma.

A Longues-sur-Mer ɗakunan igwa 4 suna nan, waɗansu da igwoginsu a ciki, baƙi na zuwa kallo. A Bordeaux an mai da mafakar jiragen yaƙi masu nutso gidan nunin zane-zane a 2020. Amma a Capbreton igiyar ruwa ta kwashe rairayin da ke ƙarƙashin ɗakunan, sun kife, teku na rufe su in ta cika. A Pointe du Hoc ma, inda Amurkawa suka hau gangaren dutse mai tsawon mita 30, wani ɓangare ya rufta a 2022.

Nan ne gardama take. Waɗansu na ganin ginin azzalumi bai cancanci kuɗin gwamnati ba, a bar teku ta yi aikinta. Waɗansu kuwa na cewa mazan jiya sun kusa ƙarewa, in ɗakunan suka ɓace, yara ba za su sami abin gani da ido ba. Hukuma ba ta iya ceton duka, sai zaɓe: a gyara kaɗan masu babban tarihi, a auna sauran a ɗauki hotonsu tun ruwa bai tafi da su ba.