Turbar Fatake Ta Kauce: Tafiyar Ƙafa Daga Aliero Zuwa Maiyama

A cikin makonnin azumin da ke gaban Ista, mu goma sha ɗaya daga Ikilisiya, yawancinmu matasa, muka yi shawarar ajiye babur mu taka da ƙafa daga Aliero zuwa Jega, sa'an nan mu wuce Maiyama. Nufinmu shi ne mu bi tsohuwar turbar da dattawa suka ce fatake sun bi kafin a shimfiɗa kwalta, mu kuma gaida 'yan'uwa na ƙauyukan da ke gefenta.

Ga wanda bai sani ba, Jega ba ƙaramin gari ba ne a tarihin fatauci. A ƙarni na 19 kasuwarta tana cikin manyan kasuwannin daular Sakkwato. Ayarin masu zuwa Gwanja sayen goro sukan yada zango a nan, su ƙara guzuri, kafin su ƙetare Kwara ta wajen Yawuri ko Ilo, su ratsa Borgu har Salaga a ƙasar Gana ta yau. Madugu ne shugaban ayari, jagaba kuwa shi ke gaba yana duba hanya. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya karya wannan kasuwa, da dogo ya iso Kano a 1911 kuma, sai goro ya koma biyowa ta Legas a jirgin ƙasa. Turbar ta zama ta manoma da masu kiwo kaɗai.

Mun bar Aliero da asuba, ƙamshin albasar da aka tara a gonaki yana rakiyarmu. Ranar farko ba mu sha wahala ba, domin ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, sai ɗan tudun marmara nan da can. Muka kwana a Jega.

Kashegari da muka ƙetare gulbin Zamfara, wanda mutanen wurin suke kira gulbin Gindi, sai turba ta ɓace mana a fadama. Ambaliyar 2020 ta cinye wani sashe na gaɓa, sauran kuwa ya zama gonar shinkafa, gama tun da aka ƙaddamar da shirin bashin noma na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi a 2015 noman rani ya mamaye fadamu. Matasa suka ce mu ratsa ta cikin shuka, tun da nan ne asalin hanya. Har mun soma naɗe wanduna sai ga wani tsohon makiyayi.

"Malam, ina za ku da yaran nan?" in ji shi.

"Maiyama muka nufa, Baba, amma hanya ta ɓace mana."

"Ba ta ɓace ba, an matsar da ita ne. In kun shiga gonar nan za ku ɓata wa wani abincin shekara. Ku biyo ni."

Ya nuna mana sabon burtali da ya zagaya ta tudu. Ya ce mai gari da ardo da manoma ne suka zauna suka yarje a kansa, aka dasa aguwa dama da hagu don kowa ya san iyaka. Zagayen ya ƙara mana kusan awa biyu cikin zafin rana, ba mu kuwa ɓoye gunaguninmu ba.

To, a kan wannan zagaye ne muka ga abin da ya sa muka ɗauki alƙalami. A wani wuri wani manomi ya tumɓuke aguwar, ya tura gonarsa ciki, har burtalin da ya kamata ya ɗauki garke ya koma kamar hanyar mutum ɗaya. A gabanmu wani yaro ya iso da shanu, yana gudu nan da can da sanda don kada su faɗa wa shuka. Da saniya ɗaya ta ƙwace masa, da an yi faɗa, wa ya san kuma inda zai tsaya? Yawancin rigimar manoma da makiyaya da muke ji, a irin wannan taku biyar na ƙasa take somawa.

Matsar da hanya ba laifi ba ne. A Amurka akwai turbar ƙafa ta duwatsun Appalachian, mai tsawon kilomita wajen 3,500, wadda aka gama a 1937. Har yau ana sake mata wuri in ƙasa ta zaizaye, amma duk inda aka matsar da ita sai a shafa farin fenti a jikin itatuwa don baƙo ya gane. Littafin Fitowa ma ya nuna mana Allah bai bi da Isra'ilawa ta gajeriyar hanyar ƙasar Filistiyawa ba, ya zaga da su ta jeji don kada yaƙi ya firgita su. Laifin shi ne a matsar da hanya ba shawara, ko a cinye ta bayan an yi alkawari.

Da yawa daga cikinmu masu bi manoma ne, muna kuma da gonaki a bakin burtali. Saboda haka wannan magana tamu ce kafin ta zama ta wani. Kafin damina ta faɗi, kowa ya je ya duba iyakarsa. Wanda ya ci burtali ya mayar, kunya biyu na hatsi ba su kai ran mutum ba. Dattawan Ikilisiya su je wurin mai gari da ardo tun kafin rikici, a sake dasa aguwa inda aka tumɓuke ta.

Mun shiga Maiyama da la'asar, ƙafafu sun kumbura, ba mu taka shukar kowa ba. Tsohon ya rabu da mu a bakin gari, ya ƙi karɓar ko goro. Allah ya saka masa da alheri, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu. Amin.