Dodon Koɗi Mai Shiga Kafar Allura

Mu manoma mun san dodon koɗi. Da damina mukan gan shi a gindin ganye ko a ƙarƙashin dutse, yana jan ɗakinsa a baya. Amma akwai waɗansu irinsa da ko mun taka su ba za mu sani ba, saboda ƙanƙanta.

A shekarar 2015 wani masani mutumin ƙasar Hungari, Barna Páll-Gergely, shi da abokan aikinsa suka ba da labarin sababbin iri guda 7 daga lardin Guangxi a kudancin ƙasar Sin. Mafi ƙanƙanta a cikinsu tsawon ɓawonsa milimita 0.86 ne, watau bai kai ƙwayar gero ba. Kamar guda 10 za su iya shiga kafar allura gaba ɗaya. Sunan da aka raɗa masa shi ne Angustopila dominikae.

To, ta yaya ake gano abu irin wannan? Ba a ganinsa a daji da ido. Ƙasa ake ɗebowa daga gindin duwatsun farar ƙasa, gama da sinadarin wannan dutse ne dodon koɗi yake gina ɓawonsa. Masu wannan aiki sukan zuba ƙasar cikin ruwa. Yashi ya nutse, ɓawon da babu kome a ciki ya taso sama. Sai a kwashe, a shanya, a tankaɗe da rariya, sa'an nan a duba da madubi mai ƙara girman abu.

Daga nan sai aikin haƙuri. A auna tsawo da faɗi, a ƙirga naɗin ɓawon, a duba bakinsa ko yana da 'yan haƙora. Sa'an nan a gwada shi da dukan 'yan'uwansa da aka riga aka sani. In ya bambanta da su, sai a rubuta kamanninsa, a ba shi suna da Latin, a ajiye ɓawon a gidan adana irin waɗannan kaya domin na baya su gwada nasu da shi.

Wani zai ce, ina amfanin wannan wahala? Dodon koɗi ba ya tafiya da nisa, saboda haka wani iri a kan dutse ɗaya tak yake zaune a duniya duka. A ƙasar Malesiya an yi wani iri da ba a san shi ko'ina ba sai a tudun Bukit Panching. Aka fasa tudun don yin siminti, wajen shekarar 2007 ya ƙare, irin kuwa ya ƙare tare da shi. Da a ce ba a riga an rubuta kamanninsa ba, da ba wanda zai san an taɓa yin sa.