Ƙwaron Wake da Maganinsa: Wa Ke Ilmantar da Manomin Gobir?

Duk wanda ya san ƙasar Isa da Sabon Birni ya san matsayin wake a wurin manomi. Gero na ci ne, wake kuwa shi ne kuɗin hidima. Sai dai tun wake na gona wani ɗan ƙwaro, wanda masana ke kira Callosobruchus maculatus, yake nasa ƙwai a jikin kwanso. Tsutsar takan huda ƙwayar ta shige ciki, ta ci, ta girma, ta fito ta sake haihuwa cikin mako uku zuwa huɗu. Kafin rani ya yi nisa buhu ya zama gari.

Wannan ne ya sa manoma da 'yan kasuwa ke yayyafa wa wake maganin ƙwari, musamman diklobos, sinadarin da ke cikin fiya-fiya. Aikinsa shi ne toshe wani sinadari da ke daidaita saƙon jijiyoyi. Abin lura, jijiyar ƙwaro da ta ɗan Adam tsarinsu ɗaya ne a wannan fanni. Saboda haka mutumin da ya ci guba irin wannan yakan yi ta zufa da dalalar miyau da amai, numfashi ya sarƙe. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Nijeriya saboda yawan wannan sinadari a cikinsa.

Ilmin yana nan, isarsa ga manomi ce matsala. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke rajistar magungunan ƙwari, kuma a 2019 ta hana sayar da ƙananan kwalaben diklobos a kasuwanni. A Nijar kuwa wani kwamiti ne na ƙasashen Sahel ke wannan aiki. To amma a bakin iyaka kwalba takan iso da bayanin Ingilishi ko na Faransanci, wani lokaci ma an juye ruwan cikin gorar da ba rubutu. Malamin gona bai cika zuwa ba, balle da matsalar tsaro ta addabi yankin. Ke nan mai sayar da maganin shi ne malamin, alhali shi ciniki ne a gabansa.

Labarin buhun PICS ya nuna yadda saƙo ke isa in an bi hanya. Masanan Jami'ar Purdue ta Amurka ne suka ƙirƙiro shi tare da takwarorinsu na Afirka. Leda biyu ce masu kauri a cikin buhu na uku, ana ɗaure kowace dabam. Ƙwarin da ke ciki sukan shaƙe iskar da ta rage, su daina ci, su bushe su mutu, ba tare da ɗigon magani ba. Daga 2007 aka shiga ƙauyukan Nijeriya da Nijar da shi, kuma ba a tsaya ga lacca ba. Wani manomi zai zuba wakensa a ɗaure a gaban jama'a, bayan watanni a taru a kwance kowa ya gani da idonsa. Shaidar ido ta yi abin da takarda ta kasa.

Ɗalibin sakandare na da rawar takawa a nan, domin a gidaje da yawa shi ne mai karanta abin da ke jikin kwalba. Malamin kimiyya zai iya kawo hoton takardar magani aji, ya koyar da ma'anar launin da ke gindinta: ja guba ce mai tsanani, sai rawaya, sai shuɗi, sai kore. Haka kuma ya nuna musu inda ake rubuta lambar rajista, da kwanakin da za a jira bayan feshi kafin a girbe amfani.